Tukwanen Kabarin Inna

Inna ta gina tukwanen kabarinta da hannunta, tun tana da sauran ƙarfin durƙuso. Wanda bai san yadda muke rufe mamaci a nan bakin ruwa ba, bari in gaya mishi. Idan anka kwantar da mutum cikin ramin ciki, ba a tura mishi ƙasa kai tsaye. Sai an jera itace ko ɓarin manyan tukwane a bisa kamar rumfa, an lilliƙe kafofin da laka, sannan a tura ƙasa. Itace gara na cinye shi, kafin a jima kabari ya rufta. Tukunya kuwa ba ruwanta da gara.

Inna maginiya ce. Randunan da ke ƙauyenmu, in ba nata ba ne, to na wadda ta koya a hannunta ne, har daga garin Wara ana zuwa ɗauka. Da ta ga tsufa ya fara kama ta, sai ta zaɓi yumɓu mai kyau, ta gina manya, ta tsaga kowace gida biyu da zare tun tana ɗanya, don kada ranar a zo ana fasa su da fartanya ana ɓarna. Ta gasa su, ta kife bayan ɗakinta, ta rufe da tsohuwar zana.

Rannan na dawo daga kasuwar Yauri, na ɗaure jirgina, ko ruwa ban sha ba ta kira ni. Ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. "Kai wanga" take ce mini har na yi furfura.

"Kai wanga, zo ka gani."

Ta ɗaga zanar.

"Da waɗannan za ka rufe ni. Ban son itace. Na ji yadda na ubanku ya rufta har awaki na zurma ƙafa."

Na ce, "Inna, ki bar wannan magana da tsakar rana."

"Mutuwa la'asar take jira? Ka ce ka ji."

"Na ji."

"Ji daban, ɗauka daban. Ka ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka. Ta mayar da zanar, ta ce in je in ci tuwo.

A bayan kowane ɓari akwai alamarta. Da'ira ce, da layi biyu sun gitta juna a ciki, ta danna da ɗan yatsa tun yumɓun na da laushi. Na gani ranar, ban kula ba. Ita ce a jikin tulun da na sha ruwa ina yaro, ita ce a kaskon da anka yi wa 'ya'yana wanka. Abin da ka buɗe ido ka taras, idonka ba ya tsayawa a kansa.

Dole in faɗi asalinmu, in ba haka ba ba za a gane rigimar ba. A gungu anka haifi Inna, tsibiri tsakiyar kogi, kafin a datse ruwa a Kainji. Tana budurwa ruwa ya taso ya shanye gungun, anka kwaso su anka zube a tudu. Nan ta auri babanmu, ta musulunta. Danginta kuwa sunka rabu kamar tsintsiyar da igiyarta ta tsinke. Wasu sunka bi masallaci, wasu coci, yayanta da muke kira Kawu ya ce shi ba inda za shi, yana nan kan abin da ya taras. Haka muke zaune. Ranar Sallah mu kai musu nama, Kirsimeti su kawo mana shinkafa, Kawu ya ci ko'ina.

Da bazara ta rasu, da sassafe, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar laka na tsagewa a bakin gaɓa. Zafin shekarar nan ko kifi ka fitar sai ka yi sauri da shi. Anka yi wanka, anka sa likkafani, na aika a ɗora tukwanen bisa amalanke a wuce da su maƙabarta. Ƙanena ya iso daga Yelwa bisa mashin ana daidaita sahu. Mu biyu ne maza a wurin Inna. Shi ya yi karatu, na boko da na addini, yana da shago a Yelwa, in limamin unguwarsu ba ya nan shi ke jan salla. Ni karatuna bai wuce abin da zan yi salla da lissafin fasinja ba. Ba mu taɓa faɗa ba, amma ba mu cika doguwar hira ba. Yana son Inna, wannan ban da shakka. Duk maganin da ta sha a ƙarshe shi ya kawo.

Anka yi salla, munka ɗauki makara. Kawu da ɗan ƙanwar Inna, wani kafinta mai zuwa coci, sunka biyo mu a baya, sunka tsaya gindin wata itaciyar bedi a gefen maƙabarta kamar yadda sunka saba in an yi mana rasuwa. Ba sa shiga sahu, ba sa kuma ƙin zuwa.

Ni da ƙanena munka sauka cikin kabarin. Anka miƙo ta, munka kwantar da ita bisa gefen dama, fuska gabas. Ba ta da nauyi. Na kwance ɗaurin likkafani, na ce a miƙo tukwane. Mai haƙan kabari ya ɗauko ɓari na farko ya miƙa wa ƙanena, don shi ke wajen kai.

Ya karɓa, ya juya shi zai aza. Sai ya tsaya.

"Yaya, mi ne ne wannan?"

"Tukunya."

"Ba tukunya nike tambaya ba. Wannan."

Ya nuna da haɓa. Na ce alamar Inna ce, ya aza mu gama, rana na dukan ta. Bai aza ba. Ya ɗaga ɓarin sama yadda mutanen da ke bakin kabari za su gani.

"Jama'a, ku duba. Gicciye ne ko ba gicciye ba ne?"

Mutanen da sunka sha ruwa a randar Inna tun suna goyo sunka leƙo suna kallo kamar yau sunka fara ganin abin. Wani ya ce, "Subhanallahi." Wani ya tafi wajen amalanke ya jujjuya sauran, ya ce duk haka suke.

Na yi ƙasa da murya. "Kai, ka tuna inda muke tsaye. Ga ta nan ƙarƙashin ƙafarmu."

"Don ina tuna inda muke ne. Ba za a kifa wa uwata gicciye ba. A saro itace."

"Ita ta gina su. Ta sa ni na ɗauki alkawari."

"Alkawarin da ya saɓa wa Allah ba a cika shi. Yaya, yanzu muna juya baya za a zo tambayarta. Wannan kake so a taras bisa kanta?"

Idonsa ya yi ja. Ba fushi kaɗai ba ne, tsoro ne, na san shi tun yana tsoron shiga jirgi. Ya miƙa ɓarin waje, ya ce wa wasu mutum biyu su nemi gatari. Sunka dube ni, sunka dubi Liman, sannan sunka tafi a hankali.

Mai haƙan kabari, wani tsoho mai baki, ya ce, "To ai laka za a shafe ta da ita. Wa zai gani?"

Ƙanena ya ce, "Allah laka ke tare mishi gani?"

Wani ya ce a kankare. Na ce ba ta kankaruwa, zanen ya shiga da zurfi, an gasa da shi, ka sa ƙarfe sai tukunya ta dare. Wani ya ce a juya cikin ya kalli sama. Duk wanda ya taɓa rufe kabari ya san wannan maganar banza ce, in ka birkice ɓari ba ya ɗaukar nauyin ƙasa.

Hayaniyar ta kai gindin bedi. Sai ga ɗan ƙanwar Inna ya matso, abin da bai taɓa yi ba. Shi ma ɗanta ne, ita ta goya shi lokacin da uwarsa ta yi ciwo, shi ya sassaƙa mata kujerar da take zama a kai in tana gini. Ya durƙusa gaban ɓarin da anka ajiye, ya shafa zanen, hawaye na zubo mishi. Bai ɗaga murya ba, amma an ji.

"Ashe Inna ba ta manta da mu ba. Ubangiji ya san nasa."

Da ya san abin da wannan kalma za ta jawo da ya haɗiye ta. Wurin ya ɗauki guna-guni. Ƙanena ya juyo gare ni.

"Ka ji ko? Masu abu sun gane abinsu."

Na ce wa kafintan, "Kai, tashi. Matar nan ta fi shekarunka tana salla. Yaushe ka taɓa ganin ta a cocinku?"

"Ban ce ta zo ba, Yaya. Cewa na yi..."

"Kada ka ce komai."

Akwai wani tsohon hedimasta, abokin babanmu, mutumin kirki, ya zo da lema saboda hawan jini. Ya ga abin zai lalace, ya matso don ya taimake ni.

"Ku saurara, 'ya'yana. Wannan zane ya girmi coci nesa ba kusa ba. Na gan shi a littattafai tun ina koyarwa. Mutanen Masar na da, in za su rubuta gari, da'ira suke yi da hanyoyi biyu sun gitta a ciki, wato ganuwa da mararraba. Can ƙasashen sanyi kuma akwai waɗanda sunka sassaƙa shi jikin duwatsu tun ba a haifi Annabi Isa ba, masana na cewa rana suke nufi. Ku dubi gaban sirdin raƙumin Buzaye ma, ba gicciye ne ba? Ai Musulmi ne."

Ƙanena ya ce, "Baba, Masar ta wane zamani?"

"To, zamanin da. Zamanin Fir'aunoni."

"Fir'auna. Da masu bautar rana." Ya gyaɗa kai. "Na gode, Baba. Da hujja ɗaya gare ni, yanzu ka cika mini uku."

"A'a, ba haka nike nufi ba. Nufina, zane ba shi da baki. Kowace al'umma ita ke sa mishi magana, wata ta zo ta cire ta sa tata. Jinjirin wata da tauraron nan da ke bisa hasumiyar masallaci ma, in kunka bi asali..."

Liman ya yi gyaran murya. "Malam, tsaya nan."

Hedimasta ya tsaya. Ya koma baya da lemarsa, yana share wuya.

Duk wannan ina tsaye cikin rami, ƙafa ɗaya wannan gefe, ɗaya wancan, Inna a tsakani. Rana ta miƙe, inuwar bangon kabarin ta janye daga kanta, hasken na faɗa wa likkafanin kai tsaye. Ƙudaje sun fara zuwa. Na cire hulata ina kora su. Wani ya kawo tabarmar makara, mutum biyu sunka riƙe ta bisa ramin. Daga nesa ina jin saran gatari.

Sai Kawu ya taho, yana dogara sanda. Ya tsufa ƙwarai, Hausarsa har yau da ɗanɗanon harshen gungu. Mutane sunka buɗa mishi, ba don girmamawa kaɗai ba, wasu ba sa son rigarsa ta taɓa su a irin wannan wuri. Ya tsaya bakin kabari, bai leƙa ba.

"Kun tambayi mai littafi, kun ji mai coci. Ni da anka haife mu ɗaki ɗaya ba wanda ya tambaye ni."

Liman ya ce, "Faɗi, tsoho. Amma taƙaita."

"Alamar gungunmu ce. Matar da ta fara kwana bisa gungun, ita ta zana ta a ƙasa. Ta zagaye wutarta, ta ja layi gabas da yamma, ta ja kudu da arewa, ta ba kowane gefe rabonsa na hatsi, ta ce wa mai ruwa, ka ci naka a waje, na ciki nawa ne. Tun daga nan muke sa ta a rumbu, a tulu, a goshin jirgi, a ƙofar mai jego. Abin da ke ciki a bar shi ya kwana lafiya. Shi ke nan. Ba ta wanga yaro ba ce," ya nuna kafintan da sanda, "ba ta Fir'aunanku ba ce, ban ma san shi ba."

Ƙanena ya ce, "Mai ruwa. Wato aljani. To Kawu, da alamar na tsare abu, ina gungun yanzu? Ba ruwa ya cinye shi ba?"

"Wancan ruwan gwamnati ne. Ba da shi anka yi alkawari ba."

Wasu sunka yi dariya, sunka tuna inda suke sunka gimtse. Ni ban yi ba. Maganar Kawu ta fi ta kowa yi mini nauyi, don ta fi kama da gaskiya, kuma ita ce mafi muni a kunnen mutanen da ke tsaye. Gicciye aƙalla na masu littafi ne. Wannan kuwa roƙon wani ne ba Allah ba.

Mai haƙan kabari ya sake sa baki. "Ni dai randar da ke ƙofar masallaci, wadda duk muke alwala da ita, wa ya gina? Ku je ku duba gindinta."

Ƙanena ya ce, "Rashin sani ne. Gobe za a fitar da ita."

Liman ya matso bakin ramin. Tsoho ne mai sanyin hali, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Ya durƙusa har ina jin numfashinsa.

"Kai ne babba. Ta taɓa gaya maka abin da take nufi da shi?"

Na taɓa tambayarta ina yaro. Ta ce matan unguwa wuri ɗaya suke gasa tukwane, kowace da alamarta don kada a yi rigima wajen kwasa. Wata tsinke uku take ja, wata tana danna ƙwaryar gyaɗa, ita wannan ta gada wurin uwarta. Wannan na gaya wa Liman, da ƙarfi, kowa ya ji.

Akwai saura. In za ta danna alamar bakinta na motsi. Da na girma na tambaye ta mi take cewa, ta harare ni ta ce, "Bisimilla nike yi, mi kake so in yi?" Kuma na ji ta da kunnena tana yin bisimillar. Amma can baya, ina ƙarami ina zaune gefenta ina wasa da yumɓu, abin da nike ji ba Larabci ba ne. Harshen gungu ne, gajeruwar magana, kullum iri ɗaya. Ban iya harshen sosai ba, ban san mi take faɗi ba. Yaushe ta bar wancan ta koma wannan, ko ta haɗa su ne, ɗaya a fili ɗaya a ciki, ban sani ba. Liman bai tambaye ni wannan ba. Na tsaya ina duban likkafani.

Gaskiya a lokacin tsoron ƙanena ya kama ni ni ma. In shi ke da gaskiya fa? Ni ba malami ba ne. In na kifa mata abin da zai jawo mata wahala inda ba ni iya zuwa in cire? In kuma na bar su sunka jera itace, na san abin da zan gani in damina ta yi nisa, kuma na san da wane baki na ce mata na ɗauka.

Liman ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ce, "Ni na shaida matar nan tana salla, tana azumi, an ce da kalmar shahada ta cika. Abin da ke zuciya ba ni da mabuɗinsa. Zanen nan, da za a same shi babu, ya fi mini. Amma ban iya cewa haramun ne abin da mai shi ta ce alamar sana'a ce. Gawa kuma tana da haƙƙi, ba a barin ta a rana ana gardama. Kai ne waliyyinta. Yanke."

Wato ya sauke kayan a kaina. Ban ga laifinsa ba.

Masu gatari sunka dawo da itace ɗanye, sunka zube bakin kabari. Ga itace, ga tukwane. Kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "A miƙo tukunya."

Ba wanda ya motsa. Mai haƙan kabari ma, da duk bakinsa, ya sunkuyar da kai yana gyara ƙotar fartanya. Ƙanena ya dafa gefen ramin ya fita, ya tsaya ya harɗe hannu. Na sake cewa a miƙo. Sai kafintan ya sunkuya zai ɗauka.

Na daka mishi tsawa. "Kada ka taɓa! Koma inda kake."

Ya ɗago ya dube ni. Na san abin da na yi mishi. Amma in hannunsa ya miƙo tukunyar nan, har jikokinmu za a riƙa cewa 'yan coci sunka rufe Inna da gicciyensu. Ya goge hannunsa a wando, ya juya, bai tsaya gindin bedin ba, ya miƙe hanya. Kawu ya gane, bai ko gwada ba.

Na fito da kaina. Na ɗauki ɓari, na rungume, na zauna bakin ramin na zura ƙafa na sauka da shi. Yana da nauyi, ya sha rana har yana ƙona mini ƙirji. Na nufi wajen kai zan aza, don daga kai ake farawa.

"Yaya."

Ban ɗago ba.

"Yaya, don Allah. Fara daga ƙafa."

Muryarsa ta canza, ba irin ta ɗazu ba ce. Na dube shi.

"Ka bar mini fuskarta. Ita kaɗai. Sauran ka yi yadda ka ga dama, kai da Allah."

Na tsaya da tukunya a hannu. Ta ce da waɗannan za ka rufe ni, ba ta ce rabi ba. Amma shi ma ita ta haife shi, kuma in na ƙi, na san zai hau mashin ɗinsa kafin a tura ƙasa, ba kuma zai sake taka gidanmu ba. Na juya, na aza a ƙafa.

Haka na yi ta yi, in fita, in ɗauko, in sauka, in aza, in gyara bakin ya hau na baya. Gumi na shiga mini ido. Tukwanen sun zauna daram, baki ya kama baki, ko yatsa ba ya shiga, ta auna abinta da kyau. Ina cikin haka sai na ga hannu ya miƙo mini ɓari daga sama. Hedimasta ne, ya ajiye lema, yana nishi. Bayan shi mai haƙan kabari ya miƙo na gaba yana gunaguni, wai bayansa ne ke ciwo ɗazu.

Da na kai kafaɗarta na tsaya. Saura ɓari ɗaya a waje. Na fito. Ƙanena ya tattare riga ya sauka, anka miƙa mishi itace, ya jera bisa kanta ɗaya bayan ɗaya, a matse, yana addu'a yana kuka. Ya karɓi laka ya lilliƙe nasa, ya wuce ya shafe bayan tukwanen duka da tafin hannu har zanen ya ɓace. Ban hana shi ba, dama haka ake yi. Anka tura ƙasa, anka yayyafa ruwa, Liman ya yi addu'a gajeruwa, mutane sunka watse da sauri kamar ana korar su.

Ɓarin da ya rage yana nan gefe, alamar na kallon sama. Kowa ya kewaye shi ya wuce. Kawu ya ce in ba shi. Na ce a'a. Na ɗora a kai na taho da shi gida, ta cikin gari, mutane na kallo.

Kafintan bai zo zaman makoki ba. Matarsa ta aiko da abinci, shi bai zo ba. Na je har shagonsa daga baya, ya ba ni kujera, ya kira ni Yaya, munka gaisa, amma bai ajiye abin da yake ferewa ba har na tashi. Ƙanena na zuwa da Sallah, muna ci akushi ɗaya. Maganar ba ta sake tasowa tsakaninmu ba, ko sau ɗaya.

Bayan damina na je maƙabarta ni kaɗai. Daga kafaɗa zuwa ƙafa ƙasar na nan yadda munka bar ta. Wajen kai ya ɗan lotsa. Na ɗebo ƙasa na cike, na daddanna da ƙafa a hankali. Kowace shekara sai na je na cike shi, ban kuma taɓa gaya wa ƙanena ba.